Mai Ɗaurin Kundi a Harobanda

Shekara goma sha tara ina nan, ƙetaren gada.
Rumfata ta kwano ce, injina biyu, ɗaya gurgu.
Ni nake ɗaure kundin masu neman dokta:
in huda, in matse, in sa bango shuɗi,
sannan in karanta take, tunda karatun take kyauta ne.

Jiya aka kawo sanarwar jami'a in buga, kofi arba'in.
Na riƙe ɗaya, na ce tawada ta ɓata ta.
Gurbi ashirin da bakwai, in ji takardar,
noma, lissafi, shari'a, harsuna, likitanci, ilimin duwatsu,
da wani fanni da harshena ya ƙi ɗauka
sai da Hamani ya zo karɓar canjinsa, ya warware mini.

Hamani kuwa, damina huɗu yana bin sawun dorina,
yana ƙirga gonakin shinkafar da ta kwana ciki.
Aghali yana auna yadda zafi ke cinye ƙarfin faifan sola,
shi da rana kamar maƙwabta masu rigimar iyaka.
Zuwaira ta karanta shari'ar gona ɗari uku,
ta rame, ta ce duka faɗa ɗaya ne, sunaye ke canzawa.
Wani ya zo da shafi ɗari biyar kan sauro.
Na ce, ɗan abin nan?
Ya ce, shi ya kashe mini ƙanwa.
Ban karɓi kuɗin bango ba.

Ba duka ke gamawa ba.
Akwai kwali ƙarƙashin teburina,
babi na ɗaya, babi na biyu, masu su ba su dawo ba.
Wani ya samu aiki a banki, wata bursi ya yanke mata,
wani malaminsa ya tafi waje da alƙawari a aljihu.
Ina kaɗe musu gara duk Juma'a.

Yau Habsu ta sauka daga motar Tawa,
ɗiyar yayata, jakarta na warin albasa.
Tambayarta guda ce, tun tana aji shida take riƙe da ita:
me ke ruɓar da albasa cikin rudu
kafin farashi ya tashi?
Uwarta kan zuba buhu talatin, ta kwashe sha shida.
Sauran ruwa ne da ƙuda.

Farfesa Tankari ya duba shafinta biyar,
ya ce tambayar ta yi faɗi kamar gulbi a watan Janairu,
ta rage ta, ta dawo Laraba.
Ta zauna kan bencina tana yanka da jan biro,
tana cizon leɓe kamar mai yanke wa kanta farce.
Takardar haihuwa, diploma, hoto huɗu, wasiƙar neman izini.
Ta miƙo jikka guda. Na ce mayar,
ki biya ni ran da zan ɗaure miki mai bango shuɗi.

Ni Arzika, a lisansi na tsaya.
Shekarar da mahaifina ya kwanta,
da bursina na ƙarshe na sayi injin nan mai ɗingishi.
Tarihi na karanta. Har gobe ina son sanin
wa ya fara haƙa rijiyoyin dutse na garinmu,
da me, kuma ina ya kai ƙasar.

Muna kofi na tara wuta ta ɗauke.
Habsu ta fita neman ruwan sanyi.
Na ɗauko sanarwar, na matsa bakin ƙofa wurin haske.
Ba su rubuta iyakar shekaru ba.
Na duba sau uku, har bayanta na juya.

Na ninke ta huɗu zan tokare ƙafar inji,
sai na sa guntun kwali,
ita na sa ta aljihu.